Rasuwar Taguwa ta Ƙofa ta Uku

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, makaniken babban siton kifi da kaji masu ƙanƙara, wanda aka fi sani da Mai Giris, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki, direbobi da 'yan dako, da duk wanda ya taɓa taka gadon bayanta, rasuwar na'urar ɗaga kaya ta ƙofa ta uku, wadda kowa ke kira Taguwa. Rai ya yi halinsa ranar Talatar makon jiya da hantsi, tana tsakiyar aiki, da katan ɗari da talatin na kifi a kanta. Ta rasu tana da shekara goma sha tara, bayan doguwar jinyar da kowa ya gani da idonsa, kowa ya ji da kunnensa, kowa kuma ya shaƙa da hancinsa, amma aka rasa mutum ɗaya da zai tsaya a kanta.

Ga waɗanda ba su san marigayiyar ba, faifan ƙarfe ce mai faɗin gadaje biyu, zaune bisa wani rami a bakin ƙofar da manyan motoci ke juyo da baya su sauke kaya. A ƙarƙashinta akwai ƙafafu masu harɗewa kamar almakashi, da silinda biyu da mai ke turawa. In an danna koren maɓalli, famfo ya tura mai cikin mesa, sai ta miƙe har ta yi daidai da bayan mota. A loda mata kaya, a danna baƙin maɓalli, ta durƙusa a hankali har ta yi daidai da daɓen sito. Wannan durƙuso da miƙewa ne ya sa wani tsohon direba ya raɗa mata suna Taguwa, wato macen raƙumi, sunan kuwa ya bi ta har ƙarshen rayuwarta.

Mai Giris yana nan ranar da aka kawo ta a bayan tirela, lulluɓe da leda. Lokacin yana da sabon aure, gashin kansa baƙi wuluk. Shi ya ɗura mata mai na farko, garai-garai mai launin zuma, shi ya fara danna koren maɓallin, shi kuma ya fara jin muryarta. Hummmmm, in tana tashi. Kak, in ta kai ƙarshe. Tssssss, in tana sauka, kamar mutumin da ya sauke nauyi yana ajiyar zuciya. Waɗannan kalmomi uku su ne duk abin da ta taɓa furtawa a shekarun ƙuruciyarta, kuma sun ishe ta.

Kafin zuwanta, a kafaɗa ake sauke kifi, ta kan wani katako mai santsi. Waɗanda suka yi wannan zamani suna nan da ransu, ana iya gane su a titi: baya a ranƙwashe, kafaɗa ɗaya ta mutu da sanyin ƙanƙara. Taguwa ce ta raba 'yan baya da wannan wahala. Mace ce mai haƙuri, ba ta taɓa zuwa aiki a makare ba, ba ta taɓa cewa motar wane ta fi motar wane ba. Ƙarfinta katan ɗari ne cif, an rubuta da jan fenti a gefenta, amma sau nawa aka ɗora mata ɗari da ashirin ta ɗauka ba ta kai ƙara ba. Ranar da naƙuda ta kama mai shara a cikin bayan wata mota tana wanki, ta kasa taka tsani, Taguwa ce ta sauko da ita, sannu a hankali, ko girgiza babu. Yarinyar da aka haifa a ranar yanzu tana koyon ɗinki.

Duk wannan hidima, abin da marigayiyar ta nema kaɗan ne. Sau ɗaya a wata, Litinin ta farko, a ɗaga ta sama, a tokare ta da sandar ƙarfe don kada ta sauko kan mutum, a kashe wuta, a kulle akwatin wutar a sa makulli a aljihu. Sannan a shiga ramin da tocila. A shafa mesa da tafin hannu daga farko har ƙarshe, domin ido yana yin ƙarya, hannu ne ke jin inda roba ta kumbura ko ta yi laushi. A duba bakin silinda ko yana hawaye. A ba gaɓoɓinta takwas giris. A leƙa tankin mai a ga yawansa da launinsa. A gwada ɗan bawul ɗin nan mai kamar babban yatsa, wanda aikinsa ɗaya ne a duniya: in mesa ta fashe, ya toshe hanyar mai nan take, faifan ya tsaya cak a sama. A duba zanen ƙarfen da ke kewaye da gefenta, mai hana ƙafar mutum shiga ƙarƙashi. A share ramin, a buɗe magudanar ruwa. Minti arba'in. Daga nan a ɗauko takarda mai gida goma sha biyu, a cika, a sa hannu.

Shekara goma sha bakwai da 'yan watanni Mai Giris yana yin wannan, bai taɓa tsallake wata ɗaya ba. Har ma yana jin daɗin abin. A cikin ramin ba mai kiransa, ba mai aikensa, daga shi sai ita, sai ƙanshin sabon giris. Ramin a lokacin, in an zubar da abinci a ciki, kunya kaɗai za ta hana mutum ɗauka.

Ciwon ajali ya fara ne ranar da aka sake daɓen sito. Maginin da aka ɗauko ya gama aikinsa, ya wanke kwanon siminti a bakin ramin, ya tura ragowar cikin magudana, ya karɓi sallama ya tafi. Simintin ya daskare. Daga ranar, duk ruwan da ya narke daga katan-katan ɗin kifi da kaji, mai haɗe da jini da yauƙi, ƙarƙashin Taguwa yake gangarawa, kuma ba inda za shi.

Da ruwa kaɗai ne da sauƙi. Amma 'yan Adam, da zarar sun ga wuri ya fara lalacewa, sai kowa ya kawo tasa gudummawar. Katan ya fashe, kaza ta faɗo ƙasa, maimakon a kai wa mai sito, wato mai kula da kaya, a sha faɗa, sai a sa ƙafa a tura ta cikin ɗan tsagin da ke tsakanin faifai da daɓe. Kan kifi, guntun taba, ledar ruwa, ɓawon ayaba, tsumman da aka fyace majina da shi, duk can. Sannan manaja ya ga cewa 'yan dako suna ɓata ban ɗakin sito, ya sa masa kwaɗo, ya rataye makullin a ofishinsa, inda sai an yi sallama sau uku kafin a amsa. Mutum ashirin da biyu, daga safe zuwa yamma, cikin sanyin ƙanƙara. Mai sanarwa ba zai faɗi abin da suka riƙa yi a bakin wannan tsagi ba. Zarnin ya faɗa da kansa.

Ɓeraye suka ji labari suka tare da iyalansu. Aka sa musu guba, suka ci, suka koma ƙarƙashin Taguwa suka mutu. Ƙudaje kore suka zo gaisuwa suka zauna. Abin da ya taru a ramin nan ba ruwa ba ne kuma, ba taɓo ba ne, wani dagwalo ne mai launin toka-toka, da kumfa a samansa, yana motsi shi kaɗai ko ba iska. Ƙarnin kifi, zarnin fitsari da ɗoyin mushe suka haɗu suka haifi wani wari da ba shi da suna, mai liƙe wa mutum a maƙogwaro har ya riƙa jin ɗanɗanonsa a cikin shayi.

Mai Giris ya je wurin manaja sau biyar a kan a fasa simintin nan a kwashe ramin. Sau biyar ana ce masa sati mai zuwa. Manaja mutum ne mai fara'a da turare, yana shigowa ta ƙofar gaba, bai taɓa zagayowa ta ƙofa ta uku ba sai a cikin mota, gilashi a rufe.

A nan ne sanarwar nan za ta faɗi abin da ba a saba faɗa a sanarwar rasuwa ba, domin mai ita ya rantse ba zai binne Taguwa da ƙarya a bakinsa ba.

Shigarsa ta ƙarshe cikin ramin, dagwalon ya kai masa ƙwauri. Ya daure, ya sunkuya, ya lalubo mesa a cikin ruwan ya fara shafawa. Sai ya taka wani abu mai laushi, abin ya fashe a ƙarƙashin takalminsa, fus, ya feso masa har fuska. Wata gafiya ce da ta kumbura, cikinta fal tsutsotsi, wasu suka hau masa wuyan riga. Ya yi amai a tsaye, ya yi a durƙushe, ya yi har sai da kumallo ya fito. Da ya isa gida, maiɗakinsa, wadda ta yi shekara da shekaru tana wanke masa rigar aiki ba ta taɓa yamutsa fuska ba, ta tare shi a ƙofa da hannu a hanci. A nan ya tuɓe. Ta ɗauki rigar da tsinken itace ta cinna mata wuta. Kwana uku a waje take ajiye masa abinci, kwana uku yana wanka da sabulun wanki, warin yana nan cikin faratansa.

Da Litinin ta farko ta zagayo, ya ɗaga Taguwa, ya tokare ta, ya kashe wuta, ya sa makulli a aljihu. Ya zo bakin ramin ya tsaya. Ƙafarsa ta ƙi. Ya ɗaure hanci da tsumma, ya haska tocila daga sama, ya ga abin da tocila za ta iya gani, wato kumfa. Ya ce a ransa wata ɗaya ba komai ba ne, sati mai zuwa za a kwashe. Ya ɗauko takarda, ya cika gida goma sha biyu, ya sa hannu. Minti huɗu.

Wata goma sha huɗu ya yi yana haka. Na farko ya hana shi barci. Na uku bai hana shi cin abincin rana ba. A na takwas ko tocilar ma ya daina ɗaukowa. Takardun suna nan a jere cikin koren fayil, tsaf-tsaf, rubutu mai kyau, ba gogewa ko ɗaya. A duk ƙazantar da ke siton nan, yanzu ba abin da yake ƙyama kamar wannan fayil.

Ba shi kaɗai ya yi jinyar banza ba, kuma za a ambaci sauran don kowa ya ɗauki rabonsa. Wani direba mai gaggawa ya yi baya ya lanƙwasa zanen ƙarfen da ke gefen hagu, mai walda ya cire shi wai zai miƙar ya dawo da shi, ƙarshenta aka gan shi ya zama murfin kwata a ƙofar gidan manaja. Da mai ya fara raguwa a tanki, mai sito, wanda ya ɗauki kansa rabin injiniya saboda ya taɓa gyara fanka, ya riƙa cikawa da baƙin man da aka juye daga janareta, yana cewa ai mai mai ne. Mai Giris ya ga launin ya sauya daga zuma zuwa kwalta. Ya yi faɗa, ya yi zagi, ya ce zai juye shi duka ya wanke tankin. Amma noti na juyewar yana can ƙasa, cikin ramin.

Marigayiyar ba ta ɓoye ciwonta ba. Muryarta ta dushe. Hummmmm ya koma hurrr-hurrr-hurrr, kamar tsoho mai tarin asma. Gaɓoɓin da suka shekara ba giris suka fara kuka, ƙiiiii, ƙiiiii, har masu shago na tsallaken titi suna ji. In an bar ta a sama a je a dawo, sai a tarar ta sauka da kamu ɗaya ita kaɗai. Tana tashi tana rawar jiki. Mai yana ɗiga daga cikinta, yana zana bakan gizo a kan dagwalo. 'Yan dako suka mayar da abin wasa, suna kwaikwayon kukanta, suna cewa Taguwa ta tsufa, a nema mata sanda. Mai Giris yana ji, wani lokaci har ya taya su dariya.

Shugaban 'yan dakon ƙofa ta uku ƙanin Mai Giris ne, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda har yau ake kira Auta duk da furfurar da ta fara fito masa da 'ya'yansa biyar. Mai Giris ne ya samo masa aikin shekara goma sha biyu da suka wuce. Tsohuwarsu ta ƙi da farko, ta ce tana tsoron wuri mai injuna. Shi ya zauna gabanta ya ce ta kwantar da hankalinta, injin da Auta zai yi aiki da shi a hannunsa yake, shi ke duba shi da kansa duk wata.

Ranar Talata mota ta zo da kifi, direban yana ta danna ham, wai yana da wata tafiyar. Aka loda wa Taguwa ɗari da talatin don a rage sawu. Auta yana tsaye a daɓen sito ta gefen hagu, hannunsa a kan baƙin maɓalli, ƙafarsa ta hagu a gaba, daidai inda zanen ƙarfen nan yake a da. Bai ma kai ga dannawa ba. Waɗanda ke wurin sun ce kalmominta na ƙarshe biyu ne. Fuuus. Sannan, dam.

Mesa ta fashe. Ɗan bawul ɗin da aka yi shi don wannan daƙiƙa ɗaya ya tashi yin aikinsa, ya tarar da dattin baƙin mai ya liƙe masa baki. Faifan ya faɗo gaba ɗaya, ya matse dagwalon ramin ya feso ta kowane tsagi, ya wanke bango, ya wanke mota, ya wanke mutane tara.

Mai Giris yana bayan ɗakin janareta yana shan shayi. Ƙarar kaɗai ta gaya masa komai. Ya zo da gudu, ya zame ya faɗi cikin abin da ya malale a ƙasa, ya tashi, sai ya ga Auta zaune a daɓe, ya riƙe gwiwarsa da hannu biyu, gaban ƙafarsa a ƙarƙashin ƙarfe. Bai yi ihu ba. Ya dubi wansa kawai ya ce, "Yaya, ɗaga ta."

Mai Giris ya danna koren maɓalli. Famfo ya yi kuka, ya tofar da sauran man cikin rami, faifan ko motsi. Sai da aka watsar da katan-katan, aka kawo jak na motar, mutum shida suka sa ƙarfe suka banƙara, sannan aka yanka takalmin Auta da wuƙa aka zaro ƙafar. A asibiti likita ya ce yatsu uku sun tafi, har da babban.

Washegari jami'ar duba lafiyar na'urori ta zo binciken gawa. 'Yar ƙaramar mace ce mai tabarau, ta manyanta, ba ta da yawan magana. Manaja ya tarbe ta da lemo mai sanyi, ya ce ai duk takardu suna ofis, ba sai ta wahalar da kanta ba. Ta ce a ɗaga faifan da sarƙa a tokare. Ta sa takalmin roba mai dogon wuya, ta sa safar hannu har gwiwar hannu, ta gyara ɗaurin kallabinta, ta taka tsani ta sauka. Ko tsaki ba ta yi ba. Mai Giris yana tsaye a bakin ramin, a daidai wurin da ya saba tsayawa, yana kallon ƙeyar matar da ta girme shi tana lalube cikin abin da shi ya gudar wa wata goma sha huɗu. Da ƙasa ta tsage a lokacin da ya gode mata.

Bayan minti ashirin ta fito da mesar a cikin bokiti. Ta wuce kai tsaye ofishin manaja, ta zazzage ta a kan teburinsa, kan takardunsa, kusa da lemon. Robar ta ruɓe, wayar cikinta ta yi tsatsa ta tsinke, ga sawun haƙoran ɓera a wuri uku. Ta sa babban yatsa ta danna nesa da inda ta fashe, yatsan ya shige kamar cikin ruɓaɓɓen tumatir. Sannan ta cire safar hannu, ta buɗe koren fayil.

"Malam, wannan sa hannunka ne?"

"Nawa ne, ranki ya daɗe."

"Yaushe rabonka da shiga ramin nan?"

Manaja yana bayanta yana ƙifta masa ido, yana nuna masa yatsa ɗaya, wato wata ɗaya. Mai Giris ya dubi mesar, ya dubi ruwan da ke bin ƙafar teburin yana ɗiga a kan kafet.

"Wata goma sha huɗu," ya ce.

Ba ta yi faɗa ba. Da ta yi ma da ya fi sauƙi. Ta rubuta, ta karɓi takardar shaidarsa ta aiki ta sa a jaka sai an zauna a kan maganar, ta ɗaura wa Taguwa jan kati, ta ce ƙafafunta sun murɗe, silinda ɗaya ta tsage, ba gyara. Ta hana a taɓa komai a ramin sai ta gama rahoto. Manaja kuwa ya dafa ƙirji ya rantse cewa yau ya fara jin maganar magudana, da an gaya masa da tuni an gyara. Yana maganar yana fesa turare a hankici.

Da Mai Giris ya je asibiti, matar Auta ba ta amsa sallamarsa ba, ta ɗauki flas ta fita. Ya zauna a bakin gado ya faɗa wa ƙaninsa komai, daga gafiya har fayil, kansa a ƙasa. Auta ya saurara har ƙarshe. Can ya ce, "Yaya, ni ma fa na yi fitsari a ramin nan. Ba sau ɗaya ba, ba sau ɗari ba." Ya yi ƙoƙarin dariya, ciwo ya katse shi. Mai Giris bai iya taya shi ba. Tsohuwarsu har yanzu abin da ta sani shi ne tsautsayi ne. Mai Giris ya ɗaukar wa kansa alkawarin cewa shi zai je ya gaya mata sauran, da bakinsa, ranar Lahadi.

Marigayiyar ta rasu ta bar ƙanne biyu, na ƙofa ta ɗaya da ta biyu, waɗanda aka buɗe ramukansu a makon nan aka tarar sun kama hanyar yayarsu, an kuma dakatar da su suna jinya. Ta bar 'yan dako ashirin da ɗaya, da suka koma sauke kifi a kafaɗa ta kan katako, waɗanda yanzu ba wanda ke kwaikwayon kukanta a cikinsu. Ta bar bindigar giris guda, maraya, rataye a ƙusa, bakinta ya bushe. Ta bar ɓeraye da jikoki da tattaɓa kunne waɗanda ba a san adadinsu ba. Ta bar mai sito, wanda tun ranar Talatar yake cewa shi dama can bai yarda da na'urar nan ba. Ta kuma bar wani makanike mai shekara arba'in da shida, wanda ya san kowane noti a jikinta, ya san ranar da ta fara ciwo, ya san maganin.

Iyalan mamaciyar suna godiya ga direban motar da ya ba da jak, da mai shara da ta yage zanenta ta ɗaure ƙafar Auta tun kafin kowa ya dawo hayyacinsa. Ba za a karɓi gaisuwa daga magini ba, ko mai walda, ko duk wanda zai buɗe baki ya ce ai kwananta ne ya ƙare. Kwananta bai ƙare ba. Irinta suna yin shekara talatin.

Ga yadda jana'iza za ta kasance. Jami'a ta gama rahotonta, ta ba da izini. Masu sayen tsofaffin ƙarafa sun zo sun leƙa, sun ce ba za su sa hannu ba sai an wanke gawar. Mai motar kwashe masai ma ya zo, mutumin da wannan ce sana'arsa tun yana yaro, ya shaƙa sau ɗaya, ya ce tiyonsa ba zai ja ƙashi da leda ba, ya tayar da motarsa. Saboda haka da hannu za a kwashe. Za a taru ranar Asabar da ƙarfe bakwai na safe a ƙofa ta uku. Kowa ya zo da shebur, da bokiti, da safar hannu, da tufafin da ba ya so. Ana shawartar masu zuwa kada su karya kumallo. Ba za a raba abinci ba, ba kuma wanda zai nema. An buɗe ban ɗaki, an cire kwaɗon, jami'a ce ta tafi da shi. Manaja ya aiko cewa yana da taro a ranar, amma zuciyarsa tana tare da jama'a. An tanadar masa bokiti duk da haka, an rubuta muƙaminsa a jiki da jan fenti, za a ajiye a bakin ƙofar ofishinsa, a cike.

Mai Giris ne zai fara sauka, shi ne kuma zai fito a ƙarshe. Bayan an kwashe, za a fasa simintin magudana, a wanke marigayiyar da ruwan zafi, a kwance ta gaɓa-gaɓa, a ɗora ta a mota da azahar. Ba za a binne ta ba, narkar da ita za a yi.

Sai roƙo ɗaya ga duk wanda zai shiga ramin. Ranar da aka yanka takalmin Auta aka zaro ƙafarsa, gaban takalmin ya maƙale a ƙarƙashin ƙarfe, da aka ɗaga faifan kuma ya faɗa ciki. Baƙin takalmin roba ne, na ƙafar hagu. Abin da likita bai samu a ƙafar ba yana cikinsa. Duk wanda sheburinsa ya ci karo da shi, kada ya zazzage, kada ya jefa a bokiti, ya tsaya ya kira Mai Giris. Ya sayi farin ƙyalle kamu biyu, yana cikin aljihunsa. Wannan kaɗai za a binne, kuma shi zai ɗauko, da hannunsa, ba safa.